Shin Ko Kun San? Gandiroban da Ya Sa Arewa Dariya, da Finafinan da Za Ku Kalla ko Ku Tsallake

Ku matso kusa, jama'a. Yau hirar kallo za mu yi. Me ya cancanci datar ku da cajin wayarku? Me ya kamata ku bar wa mai shagon tura fim abinsa? Za mu faro daga Wudil, domin in ana maganar dariya a ƙasar Hausa, garin nan yana da ta cewa.

Wudil da ɗanta

Shin ko kun san mutumin da ya fi kowa ba Hausawa dariya a zamanin kaset gandiroba ne? Ƙwarai kuwa! Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro, ya shiga aikin gidan yari a 1991. Kaki yake sakawa. Fursunoni yake tsaro. Ya yi kusan shekara 8 yana wannan aiki kafin ya ajiye, ya rungumi wasan kwaikwayo hannu bibbiyu. Ku dubi fuskar nan tasa a fim, sannan ku ƙiyasta ta a bakin ƙofar kurkuku tana muzurai!

Shin ko kun san a Wudil ya yi karatu? An haife shi a 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa. A can ya yi firamare. Daga nan sai Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Wato da ƙaddara ta bi ta wata hanyar, da alli za ku gani a hannunsa. Malam Rabilu, malamin aji! Wane yaro ne zai iya riƙe dariya a wannan ajin?

Shin ko kun san garin Wudil da ya rene shi bai wuce kimanin kilomita 40 daga birnin Kano ba? Ga kogi, ga gada, ga titin Maiduguri ya ratsa ta tsakiya. Ga kasuwar Juma'a da karar shanun da ake ji da ita a faɗin Arewa. Bafulatani da sandarsa, dillali da rantsuwarsa, direban tirela da kwandastansa, masunci da komarsa, mai tuwo da mai cin bashi. Ku sake kallon finafinan Ibro da kyau. Duk mutanen nan suna ciki. Bai je neman su ko'ina ba, kasuwa ce ta kawo masa su har gida.

Shin ko kun san Wudil ce ke da Makarantar Horon Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Nijeriya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote? Gari ɗaya ke nan. Yana yaye hafsoshin 'yan sanda, yana yaye injiniyoyi, kuma shi ne ya fitar da wanda in ya sa kakin ɗan sanda a fim sai ciki ya ƙulle wa mai kallo. Abin mamaki ba ya ƙarewa!

Shin ko kun san 'yan fim sun raba sana'arsu gida biyu? Akwai santimental, na soyayya da hawaye da rawa a gindin furanni. Akwai camama, na barkwanci da guje-guje da duka da muciya. Masu santimental kan yi wa camama kallon fim ɗin ƙauye. Amma ku tambayi tsofaffin 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata, wane kaya ne ba ya kwantai. Da an ga sunan Ibro a jikin kwali, an gama ciniki.

Shin ko kun san Ibro ya taɓa zama Usama bin Laden? Ya zama! A 2002 aka fitar da *Ibro Usama*. Bai tsaya nan ba, sai ga *Ibro Saddam*. Mawaƙin Kwango, Awilo Longomba, yana tashe, sai ga *Ibro Awilo*. Labari ya fito a rediyo da safe, kafin a ankara ya zama kaset a kasuwa. Fadar shugaban Amurka a bayan wani gida, jirgin yaƙi a baki kawai. Wasu malamai ransu ya ɓaci, 'yan kallo kuwa suka yi ta saye. Hukunci: a kalla, ko don a ga yadda talakan Kano ya fassara siyasar duniya.

Shin ko kun san tsohon gandiroban ya koma gidan yari, amma a matsayin fursuna? A 2008 ne. Kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta yanke masa ɗaurin wata 2, a kan batun fim ɗin *Ibro Aloko* da rajistar kamfani. To me kuke tsammani ya yi da ya fito? Kuka? Ina! Sai ga *Kotun Ibro* a kasuwa, inda ya mayar da zaman shari'a abin dariya. Hukunci: a nema, a kalla.

Shin ko kun san ya taɓa haɗuwa da Mista Ibu a fim ɗaya? John Okafor daga Kudu, Rabilu Musa daga Arewa, a cikin *Oga Abuja*. Wannan ba ya jin wancan sosai, wancan ba ya jin wannan. Rashin fahimtar ita ce wasan. Hukunci: a kalla tare da maƙwabcinku Inyamuri ko Bayarabe, kowa zai samu rabonsa.

Shin ko kun san da Allah ya karɓi ransa bai ma cika shekara 43 ba? Ranar 10 ga Disamba 2014 ya rasu a Kano. Yaro ne danye in aka kwatanta da yawan abin da ya bari. Har yau ana yanko guntayen wasanninsa ana yawo da su a WhatsApp da TikTok, yaran da ba su taɓa ganin kaset ba suna kwashewa da dariya. Allah ya jiƙansa da rahama.

Dattawan akwatin talabijin

Shin ko kun san kafin Ibro an yi wasu gwanaye da unguwa guda take taruwa a gida ɗaya dominsu? Lokacin talabijin sai gidan wane da wane. Yara a tabarma, manya a kujera, wasu a jikin taga. In an ɗauke wuta, sai salati ya tashi gaba ɗaya. Kaduna ta fara watsa shirye-shiryen talabijin tun 1962. Ku lissafa shekarun!

Shin ko kun san Samanja Mazan Fama ba Bahaushe ba ne? Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi a Jihar Kwara. Kuma sojan gaske ne, ya sa kaki ya yi aiki. Shi ya sa tsawar nan tasa ba ta koyo ba ce. Hausar bariki, Turancin bariki, gashin baki a murɗe, kuratan soja suna rawar jiki. Ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Hukunci: duk guntun *Samanja* da kuka tsinta a YouTube, kada ku wuce shi.

Shin ko kun san Ƙasimu Yero da harshe biyu yake ba da dariya? A Hausa ga *Karambana*, ga *Magana Jari Ce* da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. A Turanci kuma shi ne Gaga a *Cockcrow at Dawn*, shirin manoma da aka ɗauka a yankin Jos, wanda Nijeriya kaf ta kalla a farkon shekarun 1980. Mutum ɗaya, Legas ta san shi, Zariya ta san shi. Ya rasu a 2017. Hukunci: a kalla, a kuma nuna wa yara su ji yadda ake sarrafa Hausa.

Shin ko kun san Jos ma ta ba da nata gwanin? Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara. Katsina ta ba da Umaru Ɗanjuma, Kasagi, wanda shi ne ya rubuta wasan *Kulɓa Na Ɓarna* da ɗalibai suka karanta a makaranta, aka kuma mayar da shi fim. Sakkwato na da *Idon Matambayi*. Kowace tasha da tauraronta, kowane gari da karin harshensa. Ba a buƙatar mota mai tsada ko gidan sama. Zaure ɗaya, tabarma ɗaya, baki mai kaifi, shi ke nan.

Shin ko kun san Kano ta taɓa samun kotun da kowa yake ɗokin zamanta? *Kuliya Manta Sabo* ke nan. Alƙali a zaune, mai ƙara da wanda ake ƙara suna ta zuba, masu kallo a gida suna yanke nasu hukuncin tun kafin alƙali ya buɗe baki. Sannan ga tashar CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yau ake kira ARTV, da wasanninta irin su *Hankaka* da *Bakan Gizo*. Daga waɗannan zaurukan ne 'yan wasa da dama suka tsallaka zuwa fim ɗin bidiyo.

Daga majigi zuwa Kannywood

Shin ko kun san Kano ta samu gidan silima tun 1937? Rex sunansa. Kun kuma san cewa a 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu? Mutane da yawa a lokacin suka ce ishara ce. Daga nan zuwa silima ya ƙara yin baƙin jini a idon iyaye. Wannan tsohon tabo yana cikin abin da ya sa da bidiyo ta zo, mata suka samu damar kallo a cikin ɗakunansu, kasuwar fim ta buɗe wagege.

Shin ko kun san Firayim Ministan Nijeriya na farko marubucin labari ne, kuma labarinsa ya zama fim? Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta *Shaihu Umar* don gasar rubutu ta 1933. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Sai fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru! Aka ɗauka ya tafi ke nan. Kwatsam aka tsinci faya-fayensa a wata tsohuwar ma'ajiya a Legas, aka gyara, aka haska shi a bikin finafinai na Balin da ke Jamus a 2018. Ya haura awa 2. Babu barkwanci a ciki, labarin bauta ne da uwa mai neman ɗanta har hamada. Hukunci: a kalla da natsuwa.

Shin ko kun san fim ɗin bidiyo na Hausa da ake lissafawa a matsayin na farko ya girmi *Living in Bondage* na Kudu? *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, Ibrahim Mandawari na ciki. Na Kudun sai 1992. Shekara 2 cif! Ku riƙe wannan don ranar gardama a teburin mai shayi.

Shin ko kun san sunan Kannywood ma ya riga Nollywood? A 1999 Sunusi Shehu ya ƙirƙiro shi a mujallar *Tauraruwa* a Kano. Nollywood kuwa sai a 2002 ya ɓulla a jaridar *New York Times*. Shekara 3 tsakani. Wa ya gaya muku Arewa ce take bin baya a komai?

Shin ko kun san fim ɗaya ne ya juya akalar masana'antar baki ɗaya? *Sangaya*, a 1999. Ali Nuhu ɗan sarki, Fati Muhammad baiwar gida. Waƙoƙinsa suka shiga gidan biki, suka shiga motar haya, suka tsallaka Maraɗi da Damagaram. Daga nan kowane furodusa ya ce shi ma sai da fiyano da rawa. Ali Nuhu kuwa, a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Hukunci: *Sangaya* a kalla. 'Yan kwaikwayonsa da suka biyo baya rututu, a zaɓa a darje.

Shin ko kun san Hausa ta je ƙofar gasar Oscar har sau 2? Ku ji yadda aka yi. A 2019 Nijeriya ta aika *Lionheart* na Genevieve Nnaji, masu gasar suka dawo da shi, wai Turanci ya yi masa yawa. A 2020 sai aka aika *The Milkmaid*, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, mafi yawan maganarsa Hausa ce, Maryam Booth na ciki. A 2024 kuma aka zaɓi *Mai Martaba*, labarin rikicin gadon sarauta da aka ɗauka a Daura, tare da Adam A. Zango. Ba su ciyo kofin ba. Amma harshen da ake ciniki da shi a karar Wudil shi ne ya wakilci ƙasa mai harsuna sama da 500. Hukunci: duka biyun a kalla, sai dai *The Milkmaid* ba na ƙananan yara ba ne.

Shin ko kun san Mati bai daina yaudara ba? Sadiq Sani Sadiq ya fara da *Mati da Lado*, sannan a 2020 ya dawo a *Mati a Zazzau* tare da Rahama Sadau. Maƙaryaci ne, matsoraci ne, mai kwaɗayin dukiya ne, amma sai ku tsinci kanku kuna yi masa fatan tsira. Hoto tas, sauti tas, kayan sawa na gargajiya. Shaida ce cewa barkwanci ma yana son a kashe masa kuɗi. Hukunci: a kalla.

Masu dogon zango

Shin ko kun san akwai garin da babu shi a taswira, amma miliyoyin mutane sun san lungunansa? Daɗin Kowa! Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirin ya biyo baya, a 2016 har ya ciyo kyautar Africa Magic ta shirin Hausa. Ga Kamaye da Adama, rigimarsu ba ta ƙarewa. Ga Malam Nata'ala da almajiransa da matansa. Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya, ɗan gudun hijira da ɗan gari a layi ɗaya. Kun san Kamaye marubucin littattafai ne? Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa ke nan. Hukunci: a kalla da iyali, babu abin kawar da kai.

Shin ko kun san attajirin da ya fi kowa maƙo a talabijin a keken guragu yake mulkinsa? Alhaji Badamasi! Magaji Mijinyawa ne yake fitowa a matsayinsa, Falalu A. Ɗorayi ne ya ba da umarni, tun 2019 ake tafkawa. Tsoho mai dukiya, 'ya'ya rututu daga mata daban-daban, kowa ya zuba ido yana jiran gado, shi kuwa tsohon ko alamar tafiya babu. Dariya ce a sama, a ƙasa kuwa tambaya ce mai zafi: wa ya ce a yi ta aure-aure da saki-saki ana barin 'ya'ya ba tarbiyya? In kuna neman magajin camama da ya yi wanka ya sa turare, *Gidan Badamasi* ne. Hukunci: a kalla, a maimaita.

Shin ko kun san akwai jihar da gwamnanta ya fi wasu gwamnonin gaske suna? Jihar Alfawa, a *Kwana Casa'in*. Sani Mu'azu ne Gwamna Bawa Maikada, Salisu T. Balarabe ne darakta, a 2019 aka fara. Asibiti ba magani, 'yan jarida a tsaka mai wuya, 'yan bangar siyasa, uwargidan gwamna mai ƙarfin faɗa a ji. Kowa ya kalla sai ya ce da jiharsu ake. Hukunci: a kalla, musamman in zaɓe ya ƙarato.

Shin ko kun san shekarar kulle ce ta haifar da manyan shirye-shiryen da ake ji da su yanzu? A 2020 korona ta zaunar da kowa a gida. A shekarar *Labarina* na Aminu Saira ya fito, a shekarar *Izzar So* na Lawan Ahmad ya kama YouTube. *Izzar So* ya haura kashi 100! A *Labarina* kuwa, ku lura da Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu. Uba ne marar kunya, mai son abin duniya, ga shi da ban haushi, ga shi da ban dariya. In ya fito, ko mai wanke-wanke sai ta tsame hannu ta leƙo. Hukunci: zangunan farko, a kalla ba tare da shawara ba.

Na ƙetare

Shin ko kun san *Mr Bean* na asali kashi 15 ne kacal? Sha biyar! Ku da kuke ganin kamar ba ya ƙarewa, maimaici kuke ta sha. An fara nuna shi a Ingila ranar 1 ga Janairun 1990, shekarar da *Turmin Danya* ya fito a Kano. Rowan Atkinson kuwa, wannan mai kama da wawan, injiniyan lantarki ne, har digiri na biyu ya yi a Jami'ar Oxford. Ɗaliban injiniya na Wudil, kun ji abokin karatunku! Hukunci: a kalla, ba ya buƙatar fassara.

Shin ko kun san kyanwa da ɓeran nan sun girmi Nijeriya mai 'yanci da shekara 20? *Tom and Jerry* sun fara guje-gujensu a 1940. Sun ciyo kyautar Oscar har 7. Bakwai, ba tare da doguwar magana ba! Haka Charlie Chaplin, wanda aka haifa a Landan a 1889, ya sa duniya dariya da sanda da hula da takalmin da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Ku nemi *The Kid* na 1921. Ya haura shekara 100, har yanzu yana aiki. Hukunci: a kalla da jikoki.

Shin ko kun san kwalbar lemo ɗaya ta taɓa riƙe fim sukutum? *The Gods Must Be Crazy*, 1980. Matuƙin jirgi ya jefo kwalba a hamadar Kalahari, mutanen daji suka tsinta, rigima ta ɓarke, wani ya ɗauki aniyar kai ta ƙarshen duniya ya yar. Za ku yi dariya har da hawaye. Amma ku sani a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata aka shirya shi, kuma ya nuna mutanen a matsayin waɗanda ba su san komai ba. Hukunci: a kalla da ido biyu.

Shin ko kun san Kanawa sun raɗa wa jaruman Indiya sunaye tun da daɗewa? Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin. Kwarori masu gidajen silima ne suka fara kawo finafinan, Hausawa suka karɓe su hannu bibbiyu ba tare da jin yaren ba. *Sholay* na 1975 ya shekara 5 ana haska shi a silima ɗaya a Bombay. *Dilwale Dulhania Le Jayenge* na 1995 kuwa ya haura shekara 25 a silimar Maratha Mandir. Fim ɗaya, allo ɗaya, yaro ya zama uba ana nan ana nunawa!

Shin ko kun san Aamir Khan yana da shekara 44 lokacin da *3 Idiots* ya fito a 2009, amma ya fito a ɗalibin jami'a, kuma kowa ya yarda? Labarin ɗalibai 3 ne a makarantar injiniya, da malamin da ya ɗauki haddar littafi a matsayin ilimi. Iyayen da suke tilasta wa yaro karatun da ba ya so, wannan naku ne. Akwai shi a fassarar Hausa. Hukunci: a kalla, amma akwai wuraren da sai an tura gaba in yara na kusa.

Waɗanda za ku tsallake

Shin ko kun san ba duk kwalin da aka rubuta wa Ibro ne yake da Ibro na gaske a ciki ba? Kasuwa ta yi ta neman sa, aka yi ta ɗaukar wasu finafinan a gurguje. Wani babu labari, sai ihu da bin juna da gudu. Wani kuma fitowa biyu ya yi, aka manna hotonsa ƙato a gaba. Alamar gane su mai sauƙi ce: in minti 10 ya wuce ba a yi komai ba sai faɗuwa da tashi, ku kashe. Masoyin Ibro na gaskiya shi ne mai zaɓe.

Shin ko kun san akwai dariyar da take barin ɗaci? Fim ɗin da duk abin dariyarsa shi ne Bafulatani wawa ne, Bagwari bai iya magana ba, Inyamuri macuci ne. Ko wanda ya tasa mai in'ina, ko kurma, ko wada a gaba. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu tsohuwar al'ada ce, Fulani da Barebari sun san haka, Katsinawa da Nufawa sun sani. Amma a can kowa yana ramawa. Wanda ake yi wa dariya shi kaɗai ba ya ramawa, wannan cin fuska ne. Hukunci: a tsallake.

Shin ko kun san wani shirin ana jan sa ne don talla kawai? Labarin da zai ƙare a kashi 10 sai a kai shi 60, kamar kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa don baƙi sun yi yawa. Minti 5 ana tuna abin da ya faru a makon jiya. Minti 5 mota tana fita daga get. Minti 5 jaruma tana kallon silin tana hawaye. Sai tallar maganin gargajiya. Sai a ce mu haɗu mako mai zuwa! Datar da kuka saya da guminku ce take tafiya. Hukunci: a tsallake, a tambayi maƙwabciya yadda aka ƙare.

Shin ko kun san wani fim ɗin Hausar kun riga kun kalle shi da Indiyanci? Fitowa bayan fitowa, har inda jarumi yake juya kai. Aro ba laifi ba ne, kowace masana'anta tana yi. Amma in an ɗauko labarin da ko sadaki da lefe bai sani ba aka sa masa hula da mayafi, ɗinkin yana nunawa. Haka fassarar da mai magana ɗaya yake yin muryar jarumi da ta jaruma da ta surukarsu, yana cusa zagin da babu shi a asali. Hukunci: a nemi mai kyau, akwai su.

Shin ko kun san gwajin da ba ya ƙarya? Kafin ku ba mai shago kuɗin turi, ku ce ya buɗe muku tsakiyar fim ɗin, ba farkonsa ba. Ku saurari minti 2. Kun ji maganar da za ku iya ji a gidanku ko a kasuwarku? Kun ga mutumin da ya tuna muku da kawunku, ko mai gidan hayarku, ko dillalin da ya taɓa yi muku wayo? To ku biya. In kuwa kowa yana magana irin wadda ba mai yin ta, a falon da ba mai irinsa, ku riƙe kuɗinku ku sayi ƙosai.

Yanzu saura ku. A majalisar yamma, ku jefa musu tambaya ɗaya: wa ya riga, Kannywood ko Nollywood? Ku bari su gama rantse-rantse. Sannan ku ce 1999, ku miƙe ku tafi sallar magariba.